Dokin Teku da Goyon Ciki

A gidanmu na Stains, a gefen Paris, ba a taɓa kiran cikin Tanti da sunansa ba. Mama takan ce "halin da take ciki", Baba ya ce "ƴar'uwarki da nauyinta", ni kuwa ba na cewa komai, don dama ba mai magana ba ce. Cikin fari ne, kuma a wurinmu ba a ambaton cikin fari a gaban mai shi, ko da ya yi girman da zai riga ta shiga ɗaki.

Tanti ƙanwar Mama ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tazararsu mai nisa ce, har Mama ce ta goye ta a Damagaram. Tana Lyon tana karatun doktora a kan wata ƙaramar halittar ruwa da Faransawa ke kira hippocampe, ita kuma ta raɗa mata dokin teku. Matan unguwarmu suna jin daɗin wannan labari. In sun taru a salonmu, wato falo, sai wata ta ce, "Ikon Allah, ƴar garin da muka girma muna layin ruwa da garwa, yau ita ce malamar teku."

Kakarmu tana Damagaram, ƙafa ta hana ta tafiya, don haka Mama ce uwa a nan. Al'adarmu kuwa, mai cikin fari in watanninta sun ja takan bar gidan miji ta koma wurin uwa, ta zauna har ta sauka ta gama wanka. Shi ne goyon ciki. Tun kafin zafi ya shigo Mama ta fara shiri. Ta kwashe littattafaina daga ɗakina ta mai da ni salo, ta sayi katifa sabuwa, ta sa Baba ya ɗauko mata wata babbar tukunya daga shagunan sari na Aubervilliers inda yake aiki. Ta wanke labule. Kullum in ta kira Lyon, bayan doguwar gaisuwa sai ta ce, "Ɗaki na nan." Tanti ta ce, "To, Yaya, in Allah ya so." Mako ya wuce, wani ya biyo, ba ta zo ba.

A ƙarshen shekarar karatun nan lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, ta ce kowa ya nemi wurin aiki ya yi istaj na mako biyu, ya ga yadda manya ke aiki. Ƴan ajinmu suka bazama, wannan ta samu farmasi, wancan garejin kawunsa. Ni na je ƙofar wani shagon littattafai na tsaya ina kallon marfin ƙofar, na karanta duk abin da aka liƙa a gilashin, na juyo gida. Da Tanti ta ji sai ta ce in zo labo ɗinsu, ɗakin da suke bincike, za ta nemar mini izini. Na zaci Mama za ta hana, ga nisa ga ni ban taɓa kwana wani gari ni kaɗai ba. Sai na ga ta yarda nan take.

A gar, tashar jirgin ƙasa, na gane dalili. Ta miƙo mini jaka mai kilishi da kuka da yaji, ta gyara mini kallabi, ta riƙe kafaɗata.

"Saƙo zan ba ki. Ki ce mata ɗaki na nan an gyara. Ki ce mata ranar da za ki dawo, tare za ku dawo. Kin ji?"

"Na ji, Mama."

"Ba ji kawai ba. Ki buɗe bakin nan ki hwaɗi."

Mijin Tanti ne ya tarbe ni a Lyon. Muna ce masa Tonton. Bafulatanin Garwa ne, dogo siriri, yana da shagon atamfa da turare a La Guillotière. Mu kuma muna da jinin Barebari ta wajen kaka, don haka tsakaninmu da shi sai wasa. Yana hango ni ya ɗaga hannu.

"Ga baiwata ta iso! Me iyayenki suka aiko wa ubangidansu?"

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ya karɓi jakar ya shinshina.

"Kilishi. To, na yafe muku harajin bana."

Gidansu ɗaki ne da salo a saman wani mai sayar da nama. In taram, jirgin nan da ke bin titi, ya wuce, cokulan da ke cikin kofi sukan yi ƴar ƙara. Tanti ta buɗe ƙofa, na gan ta, na yi sauri na mai da idona kan fuskarta, don abin ya fi yadda nake zato. Ta rufa da babban mayafi duk da zafin da ake yi. Ƙafafunta sun cika silifas.

Washegari da safe muka tafi labo. Ɗakin nata a ƙasan bene yake, babu taga, akwai sanyi da ƙamshin gishiri, ga gurnanin injin da ke juya ruwa. Tankunan gilashi ne jere a kan kanta, a cikin kowanne an ɗaure zaruruwan koriyar igiya a madadin ciyawar teku. Ta ce in duba. Na duba ban ga komai ba sai igiya. Na daɗe a tsaye, kunya ta hana ni cewa ban gani ba. Can sai wani ɗan kumburi a jikin igiyar ya juyo da ido ɗaya ya kalle ni, ɗaya idon kuma yana kallon wani wuri daban.

Tsawonsa bai wuce yatsana na tsakiya ba. Kansa na doki ne sak, da dogon baki kamar bututu, wuyansa a lanƙwashe. Jikinsa gaɓa-gaɓa ne kamar busasshiyar kuɓewa, kuma ya naɗe wutsiyarsa a jikin igiya yadda jariri ke naɗe yatsa. A bayansa akwai wani ɗan fiffike da ke karkarwa, sai ka ƙura ido za ka gan shi. A tsaye yake, ba a kwance kamar sauran kifaye ba, kamar dattijon da ke jiran a gama magana. Kuma yana da tumbi, fari-fari, a cike tam.

"Wannan mace ce?" Ita ce tambayata ta farko, a hankali na yi ta.

"Namiji ne," in ji Tanti. "Macen ke zuba mishi ƙwai a jakar nan, shi ya ɗauka har ya haihu."

Daga nan bakinta ya buɗe. Ban taɓa jin ta haka ba. Rabi Hausa rabi Faransanci, ta gaya mini daga kudu aka kawo su, inda kogi ke zuba cikin teku. Ruwan wurin ba ya tsayawa a hali ɗaya: in an yi ruwan sama kogi ya cika, gishiri ya ragu, in an yi fari gishiri ya ƙaru. A nan ake haihuwar ƴaƴan, a nan suke girma. Wata shekara masu nutso su tarar da su da yawa, wata shekara da ƙyar a ga ɗaya, kuma Tanti tana zargin cewa a makonnin farko na rayuwarsu ake yanke wannan hukunci. Jariran ba sa iya kama ciyawa da farko, yawo suke yi a saman ruwa duk inda ya kai su. Sai sun yi ƙwari suke sauka ƙasa su naɗe wutsiya. Aikinta shi ne ta raba su cikin ruwa mai gishiri daban-daban, ta bi girmansu tun daga ranar haihuwa har ranar da suka kama. Lokacin zafi kawai suke haihuwa, kuma wa'adin karatunta bana zai ƙare.

Kwanakin farko kallonta kawai nake yi. Takan dama gishiri a bokiti ta auna, ta ƙara ruwa ta sake aunawa, ba ta gajiya. Abincinsu sai mai rai, don haka tana ƙyanƙyasar wasu ƴan mitsi-mitsin halittu a cikin kwalabe masu tafasa da iska, ta haska fitila su taru wuri ɗaya kamar jan ƙura, ta zuƙe su da bututu. Ta ce dokin teku ba shi da haƙori ba shi da tumbin ajiya, abin da ya shiga yanzu yanzu zai wuce, shi ya sa ba ya daina ci. Kowace safiya kuma, da an kunna fitila, mace da mijinta sukan matso kusa, launinsu ya yi haske, su riƙe igiya ɗaya su zagaya ta tare. Tanti takan ajiye abin da ke hannunta ta jira su gama. "Gaisuwa suke yi," ta ce, "ba a katse gaisuwa."

Na lura da wasu abubuwan ma. Farar rigar aikinta maɓallin sama kawai ke shiga. In za ta ɗauki bokiti sai ta tsaya ta ja numfashi, ta dafa kanta da hannu ɗaya. In wata Bafaranshiya abokiyar aikinta ta fara tambayarta lafiyar jikinta da ranar da likita ya faɗa, sai ta kalli ƙasa, kunnuwanta su yi zafi, ta ce ruwa na jiranta. Amma cikin kifi, ko awa guda za ta yi tana bayaninsa a gaban maza, da alli a hannu.

Saƙon Mama kuwa har yanzu ban isar ba. Sai wata rana da azahar ta kai ni ƙarshen gari, inda kogunan Lyon biyu ke haɗuwa, muka zauna a kan dakali muna cin burodi da kifin gwangwani. Ruwan ɗaya kore-kore ne, ɗayan ruwan ƙasa, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. Ta ce wannan ruwan da muke gani, shi ne zai gangara har wurin dawakinta. Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan faɗa ba. Na ƙura wa takalmina ido.

"Mama ta ce ɗaki na nan an gyara. Ta ce tare za mu koma."

Ta daɗe tana murza ɓawon burodi tana watsa wa tattabaru.

"Ki ce mata na ji."

Sai ta ci gaba, kamar da kogin take magana.

"Ban taɓa ce wa Yaya a'a ba, ko sau ɗaya. Amma in na tahi yanzu, duk shekarun nan sun bi ruwa. Babu mai yi mini wannan aikin, kowa da nashi. Kuma ta yaya zan zauna gabanta in yi mata lissahin watanni? Da wane bakin?"

Da la'asar Mama ta kira, kamar kullum. Na fita baranda da wayar.

"Kin hwaɗa mata?"

"Na faɗa. Ta ce ta ji."

"Ta ji. To ni ma na ji." Na ji ƙarar ludayi a kan tukunya. "Wai me take yi ne a wurin nan da ya hi lahiyarta? Ke da kike gani, gaya mini. Kihi ne ba a iya barin shi da wani?"

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina magana. Na gaya mata idon da ke kallon wuri biyu, da wutsiyar, da gaisuwar safe. Na gaya mata akwai wani a tanki na biyu da cikinsa ya yi girma har fatar ta yi sheƙi, ya daina cin abinci sosai, yana numfashi da sauri, ya koma lungu ba ya son a dame shi. Na ce Tanti ta ce kwanansa ya kusa.

"Dakata. Wa ke da cikin?"

"Namijin."

"Ke, ban son shirme. Namiji?"

"Wallahi, Mama. Da idona na gani."

Na ji ta ajiye ludayin.

"Yau ke ce da magana haka?" ta ce. Ta kashe.

Ranar Asabar sai ga Mama, ba sanarwa, da wata ƙatuwar jaka wadda babu komai a ciki. Kowa ya san ta kayan wa ce. Tonton ya rasa inda zai sa kansa, ko ya yi mata kunyar suruka ko wasan Barebari. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi Alhaji da yara da gajiyar hanya, sannan da ya miƙe ya ce a hankali, "Hajiya, jakar nan dai ta yi kama da ta ɓarayin shanu."

"Shanun wa? Kai da ko akuya ba ka da ita sai atamfa," in ji Mama, ba ta yi dariya ba. Ta ajiye jakar a tsakiyar salo, inda kowa sai ya kewaye ta.

Da safe Tanti ta sa mayafi ta ce za ta leƙa labo, don kifi bai san Lahadi ba. Mama ta ɗauki nata mayafin.

"Mu je in ga dokin nan da ya hi ni."

Muka hau taram har labo. Muka sauka ƙasan benen, Tanti ta kunna fitila, ta nufi tanki na biyu, sai ta tsaya cak ta ce, "Ya fara."

Ya naɗe wutsiyarsa a igiya, launinsa ya koɗe. Sai ya lanƙwashe jiki ya haɗa kai da wutsiya, ya miƙe da ƙarfi, bakin jakar ya buɗe, wasu ƴan baƙaƙen abubuwa suka fito kamar an hura ƙaiƙayi. Ya tsaya yana haki. Ya sake. Na matsa har hancina ya taɓa gilashi. Kowane ɗaya bai kai farcen ƙaramin yatsana ba, siriri kamar gashin ido, amma komai nasa ya cika: ga kan doki, ga bututun baki, ga ƴar wutsiya tana naɗewa tana warwarewa a banza. Har cikinsu ana gani.

Mama ta tura ni gefe. Ta sa tabarau ɗinta na karatu. Da ya sake lanƙwashewa sai na ji ta ce, "Sannu. Sannu, bawan Allah." Da ya daɗe bai motsa ba ta ce, "Yunƙura mana, saura kaɗan." Hannunta yana kan ƙirjinta. Ta yi ta salati ƙasa-ƙasa har ya gama, jakar ta saki kamar tsohon aljihu, ya jingina da igiya.

"Ina uwar?"

"Ga ta can," in ji Tanti, ta nuna ɗaya kusurwar, inda macen ke tsotsar abincinta.

"Ko ta leƙo?"

"Gobe ko jibi ma wani ƙwan za ta zuba mishi."

"Kai! Ba wanka ba kunu?" Mama ta tafa hannu. "Wannan ko a Fulani ba a yi."

Tanti ta yi dariya har ta dafa kanta. Rabon da in ji su suna dariya tare na manta. Amma Mama ta koma kan gilashin, tana bin ƴaƴan da ido, suna ta watsuwa a saman ruwa, wasu na kama wutsiyar juna suna juyawa.

"To wa ke duba su?"

"Ba kowa. Daga yau shi ma ya gama nashi. A can bakin kogi wurin ne ke riƙe su, ruwan a kwance yake, ga abinci, ga ciyawa in sun sauka. Duk da haka kaɗan ke rayuwa. Nan kuwa, Yaya, babu kogi. Ni ce."

Ba ta jira amsa ba, aiki ya taso. Ba a kama su da raga, ba a fitar da su cikin iska, don in suka haɗiyi iska da yawa sai su maƙale a saman ruwa su kasa nutsewa. Da ɗan kofi take bin su, ta sa shi a ƙarƙashinsu ta bari ruwan ya shigar da su da kansa. Ta zuba wasu a faranti mai awo a ƙasansa, ta ɗauki hoto, ta raba su cikin ƙananan tankuna masu zagaye. Ni ina riƙe mata fitila. Ta manta da mu, leɓenta na motsi, zufa na bin gefen kallabinta duk da sanyin ɗakin. Mama tana zaune a kan kujerar roba, kuma na ga ba kifin take kallo ba yanzu, ƙafafun ƙanwarta take kallo.

Da Tanti ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, Mama ta miƙe.

"Ajiye."

Ta naɗe hannun rigarta ta ɗauka. "Ina za a kai?" Tanti ta nuna. Ta kai, ta dawo, ta ɗauki na biyu.

"Har yaushe ne wannan abin?"

"Sai sun kama."

"Na ce har yaushe."

Tanti ta faɗi makonni, tana kallon bokitin. A lokacin ne Mama ta dubi cikin kai tsaye, karo na farko a gabana, ta daɗe tana dubansa kamar mai auna hatsi da ido. Da yamma ta ɗauki jakarta yadda ta zo da ita ta koma Paris. Ba mu san me ta yanke ba. Tonton ya ce shi dai tsoron Babarbariya yake in ta yi shiru.

Ranar da istaj ɗina ya ƙare ta dawo. Jakar a cike, har zip ɗin ya ƙi rufewa, ga tukunyar nan a ɗaure cikin zane, wani saurayi ya taya ta hawa da ita. Hutun shekararta ta ɗauka, wanda take tarawa don ta je ta ga kaka. Daga baya na ji matan Stains sun yi ta magana, wai ina aka taɓa ganin uwa ta bi ɗiya. Ta zauna a salo ta sha ruwa, ta sa aka kira Tonton daga shago.

"Goyon ciki za a yi," ta ce. "Daga yau nan gidana ne. Kuma ba a goyon ciki da miji a gida."

Tonton ya buɗe baki. "Hajiya, ni ke da gidan."

"Da. Ka nemi abokanka masu atamfa su ba ka tabarma."

Ya dubi Tanti neman ceto, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Haka ya haɗa ƴar jakarsa yana cewa an yi wa Fulani juyin mulki, ya koma wurin wani abokinsa ɗan Cadi a layin baya. Kullum da yamma sai ya ƙwanƙwasa ƙofarsa, ya yi sallama, ya cire takalmi, ya miƙa ledar nama ko kankana, ya zauna a bakin kujera kamar baƙo. Mama ta ce, "An gode, a gaida gida." Wata rana ya ce da ma shi dokin teku ne da duk wannan bai same shi ba. Mama ta ce, "Kai? Kai da ciwon haƙori ya kwantar?"

Ta kafa dokokinta. Labo da safe kawai, ba ɗaukar kaya, ba tsayuwa mai tsawo, azahar a gida a ci tuwo a ɗora ƙafa a kan matashi. Ita ke raka ta, ni kuma ina biye tunda an shiga bakans, babban hutun makaranta. Shugaban labon, wani dattijo mai gajeren wando, ya zo ya ga wata Hajiya da carbi a bakin ƙofa tana gadin bokitai, ya gaishe ta, washegari ya sa aka kawo mata kujera mai laushi.

Makonnin nan ba su da sauƙi. Kowace safiya Tanti takan fara da tsince waɗanda suka mutu, farare a ƙasan tanki kamar zaren da ya tsinke. Takan auna su su ma, don ta ce mutuwar tana cikin abin da take nema ta sani. Wasu tankunan suka yi ta raguwa har ɗaya ya zama ruwa kawai. Mama ba ta iya kallon wannan sashen, takan juya baya ta ce, "Allah ya ba uban haƙuri." Sauran kuwa suka yi ta ci. Na ga bakinsu ya ƙara tsawo, jikinsu ya daina nuna ciki, ƴan ƙayoyi suka tsiro a kansu. Amma suna sama, suna yawo, igiyar da ke ƙasa ko kallonta ba sa yi. Tanti kuma tafiyarta na ƙara nauyi. Daga tashar taram zuwa ƙofar labo sai ta huta a hanya. Na sha ganin Mama tana duban tankin, ta dubi ƙanwarta, ta ja carbi da sauri. Ba wanda ya faɗa, amma duk mun san tsere ake yi, kuma ba mu san wa zai riga ba.

Wata safiya Tanti tana zaune tana shirya faranti, ta ce in duba mata tankin tsakiya. Na duba sama inda na saba ganinsu, na ga sun ragu. Na duba ƙasan gilashi, babu gawa. Sai na bi igiyar da ido a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Kusa da gindinta akwai ɗan kumburi, a tsaye, da wutsiya a naɗe zagaye biyu. Ga wani a bayansa. Ruwan na kaɗa igiyar, suna kaɗawa tare da ita, ba su saki ba.

"Tanti," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi har ni kaina na tsorata. "Tanti, zo ki gani."

Ta taso tana dafa kanta. Ta duba, ta daɗe, ta ɗauki hoto, ta sake ɗauka. Ta auna gishirin ruwan da ɗuminsa, hannunta a natse kamar kullum, sai da ta ajiye abin awon na ga idonta ya cika. A kwanakin da suka biyo sauran tankunan da ke da rai suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ƙarshe ya sauka, Mama ta sa tabarau ta leƙa da kanta don ta tabbatar.

"Sun kama?"

"Sun kama, Yaya."

"Duka?"

"Duk waɗanda suka rage."

"To, alhamdu lillahi." Ta miƙa hannu ta ɓalle maɓallin farar rigar, ta zare ta daga kafaɗun Tanti kamar yadda ake tuɓe wa yarinya, ta rataye a ƙusa. "Yanzu ke ma ki zo ki zauna."

Tanti ta ce, "To, Yaya." Ta kashe fitilar tebur, ta riƙe hannun Mama, muka hau matakala a hankali.